Port-Cros: tsibirin da baƙo ba ya ƙyasta ashana



Mu nan ƙasar, in aka ambaci tekun Bahar Rum, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne hanyar Agadas zuwa Libiya, da kwale-kwalen roba, da iyayen da ke zaman jiran waya. Mun sha yin shiri a kan wannan, kuma za mu ƙara. Amma yau ɗaya gaɓar za mu kai ku, gaɓar Faransa, wurin wani ɗan tsibiri mai suna Port-Cros. A baki Por-Kro ake cewa. Ƴan uwanmu mazauna Marsay, Tulon da Nis, in hutun yara ya zo sukan nemi inda za su kai iyali shan iska, kuma wurin nan yana cikin waɗanda maƙwabta ke yawan nuna musu. To, gara su san dokokinsa tun kafin su yanki tikiti, don ba irin wurin da ake shimfiɗa tabarma a hura gawayi ba ne. Ku kuma na gida kada ku ce ba ruwanku. In kun ji yadda dajin tsibirin ya samu, wani manomin Agye ko Matamai zai ce ai ya san wannan labari.

Tsibirai uku ne a jere a gaban garin Hyères, cikin gundumar Var, kudancin Faransa: Porquerolles wanda shi ne babba, sai Port-Cros, sai Levant. Port-Cros tsawonsa kamar kilomita 4 ne, faɗinsa biyu da rabi, duka-duka wajen hekta 700. Don ku kwatanta, gandun Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi hekta 76,000 ne, ya ninka shi fiye da sau ɗari ke nan. Tudunsa mafi tsawo bai cika mita 200 ba. Ƙauye ɗaya ne tak a bakin tashar jirgin ruwa, gidaje ƴan kaɗan a jere da wuraren cin abinci, kuma masu zama a nan rani da damina ba su wuce mutum talatin da wani abu ba. Ba mota, ba babur, ba kabu-kabu. Ko keke ba a yarda da shi ba. Ƙafarka ita ce motarka.

Ranar 14 ga Disamba 1963 gwamnatin Faransa ta mai da tsibirin gandun daji na ƙasa, ta haɗa da ruwan da ke kewaye da shi har nisan mita 600 daga gaɓa. Shi ya sa ake lissafa shi a matsayin gandun ƙasa na farko a Turai da ya haɗa da teku. A 2012 aka ƙara masa mafi yawan Porquerolles.

Wanda ya hango Port-Cros daga cikin jirgi zai ga kore shar tun daga kan tudu har bakin ruwa, sai ya ɗauka daji ne na tun fil azal, wanda gatari bai taɓa shiga ba. Ba haka ba ne. Shekaru ɗari da hamsin baya, noma ake yi a kwarurrukan tsibirin. Akwai gonakin inabi da zaitun, akwai awaki, akwai masu ƙona gawayi. A gefen da ake kira Port-Man har masana'antar soda aka kafa a ƙarni na 19, wato dangin kanwar da ake haɗa sabulu da ita. Tsibirin ya sha sara sosai. Daga baya noman ya daina biyan wahalarsa, mutane suka yi ta komawa babban yanki, gonaki suka zama saura.

A 1921 wasu mata da miji, Marcel Henry da Marceline Henry, suka mallaki tsibirin. Matar nan ita ce ta tsaya kai da fata a kan kada a yanka shi fuloti-fuloti a cika shi da otal-otal, kamar yadda aka yi wa sauran gaɓar tekun. Ita ce ta miƙa shi ga gwamnati don a kiyaye shi, ta rasu a 1966, shekara uku bayan an kafa gandun.

Babu wanda ya bi tsibirin da rami da ƴan itace a leda yana dashe. Hannu kawai aka ɗauke. Da farko ƙananan sarƙaƙiya suka rufe saurukan. Sai wani ice mai ganye kamar allura, wanda Faransawa ke kira pin d'Alep, ya taso da sauri don yana son rana. A ƙarƙashin inuwarsa kuma wani ice mai jinkirin girma, chêne vert, mai ganye kore da ba ya kaɗewa, ya yi ta tasowa a hankali. Yau na farkon sun tsufa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na biyun suna karɓe wurin. Icen da ya faɗi ma ba a ɗauke shi in bai tare hanya ba, ana barin shi ya ruɓe a inda yake, ƙwari su ci, ƙasa ta samu taki. Wanda ya taso inda mace ke tafiyar awa biyu neman ƙirare, in ya ga gungume kwance yana ruɓewa, sai ya ji abin har cikin ransa. Amma doka ce, ko ɗan sanda ba a ɗauka.

Mun ce manomanmu za su gane labarin. Bayan yunwar 1984, a jihohin Maraɗi da Damagaram, mutane suka fara abin da muke kira sassaben zamani: a daina tumɓuke kututture, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya suka dawo cikin gonaki ba tare da an sayo iri ba. Masu bincike sun ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Asalin abin ɗaya ne da na Port-Cros: saiwa da iri suna nan a ƙasa, sarari suke jira.

Sai dai a nan kamar ta ƙare, kuma muna so a ji wannan da kyau, don wani lokaci baƙi kan zo da hotunan irin waɗannan wurare su ce haka ya kamata mu yi. A Port-Cros mutane sun tashi ne kafin daji ya dawo. Ba wanda tuwonsa na dare ke jiran icen tsibirin, ba makiyayin da ke jiran ganyensa a watan bazara. Rufe wuri irin wannan bai hana kowa cin abinci ba. Namu itacen kuwa cikin gonar gero ya dawo, tare da mai gonar, kuma ya dawo ne lokacin da manomi ya fara amincewa cewa icen da ya raina nasa ne, ba za a zo a ci shi tara don ya sassabe reshe ba. Dokar da aka sa wa hannu a 2020 kan sassaben zamani wannan haƙƙin ta zo ta tabbatar. A ganinmu aikin da aka yi a nan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Mu koma kan mai niyyar ziyara. Babbar doka a tsibirin ita ce ta wuta, kuma sai an san yanayin ƙasar ake gane dalilinta. Lokacinsu a juye yake da namu. Watannin Yuni, Yuli da Agusta, sa'ad da muke cikin damina, su a lokacin ne ruwa ke ɗaukewa, rana ta yi zafi, ganye ya bushe ƙayau. Ruwansu sai kaka da lokacin sanyi. Icen nan mai ganyen allura kuma yana da ƙaro mai kama wuta kamar an zuba kananzir. Sannan akwai wata busasshiyar iska mai ƙarfi da ke zuwa daga arewa maso yamma, mistral, ƴar uwar iskar hunturunmu, wadda in ta samu tartsatsi sai ta ruga da shi. Hukumomin Faransa suna cewa cikin gobarar daji goma, tara hannun mutum ne. A watan Yulin 2017 wuta ta tashi a Bormes-les-Mimosas, gaɓar da ke kallon tsibirin, sai da aka kwashe mutum fiye da dubu goma cikin dare. A watan Agustan 2021 wata ta tashi kusa da Gonfaron, a wurin hutawar matafiya na bakin babbar hanya, ta cinye wajen hekta 7,000, mutum biyu suka rasu. To a babban yanki ke nan, inda motocin kashe gobara ke da hanya. A tsibirin da ba titi, mutum ɗaruruwa suna warwatse cikin daji, mafita ɗaya ce kuma jirgi ne, ku auna da kanku. Ƴan uwanmu na Abalak, Bermo da Dakoro, da ke share layukan tare wuta bayan kowace damina mai kyau, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Saboda haka ba a hura wuta ko wace iri. Ba gashin nama, ba ƙaramin murhun gas, ba shisha. Ƴan fada, mun san ku, mun san ba ku tafiya ba buta da ƴan kofuna: mangal ɗin shayi ya zauna a gida. A dafa shayin tun da safe a zuba a fulas. Taba sigari a cikin ƙauye kawai ake shan ta, da ka fita daga gidajen ƙarshe an gama, har a bakin ruwa. Ma'aikatan gandun suna zagayawa, rantsattsu ne, suna da ikon rubuta maka tara nan take, kuma "ban sani ba" ba ta fitar da kowa.

Akwai abin da ya fi tara ɓata wa mutane rana. Duk lokacin zafi, kowace yamma, ofishin perefen Var yana fitar da taswirar haɗarin wuta ta washegari a intanet, da launuka. In aka sa ja, ana rufe hanyoyin cikin daji, a bar ƙauye da ƴan hanyoyin da ke kaiwa bakin ruwa kawai. Mutum ya taso da iyali tun daga Marsay, ya biya jirgin ƙasa, ya biya na ruwa, ya iso ya tarar da shinge. A duba taswirar nan daren da za a tashi. Wanda yake da zaɓi kuma, watan Mayu, farkon Yuni ko ƙarshen Satumba sun fi: zafi da sauƙi, jama'a kaɗan, daji a buɗe.

Sauran dokokin duk masu sauƙin riƙewa ne. Ba a kwana a daji, ba a kafa tanti. Ba a tsinkar fure ko ganye, ko da ya yi kama da wani magani da aka sani a gida. Ba a barin hanyar da aka shata. Shara kuwa, abin da ka shigo da shi kai za ka fita da shi. Ƴan ƙananan tsibiran da ke gefe, Bagaud da Gabinière da Rascas, tun 2007 ba wanda ke taka su sai masu bincike da izini.

Me ake zuwa gani, in duk an hana wannan? Daga tashar jirgi hanya tana hawa zuwa wata tsohuwar ganuwar soja, Estissac, wadda aka gina a 1635 zamanin Richelieu. Daga samanta ana ganin tsibiran da gaɓar Faransa gaba ɗaya. Daga nan a gangara cikin inuwa, kukan gyare ya cika kunne, har bakin ruwan La Palud, tafiyar kamar minti 45 daga ƙauye. Mai ƙarfin ƙafa yana iya zagayawa har Port-Man ya dawo, amma wannan awa huɗu ne ko fiye, hawa da gangara a kan duwatsu. Ba tafiyar silifa ba ce, kuma ba ta tsoho mai ciwon gwiwa ba ce.

Fiye da rabin gandun a ƙarƙashin ruwa yake. A La Palud, tun 1979 aka shata wata hanya cikin teku da alamomi masu yawo a saman ruwa, mutum ya sa tabarau na ninƙaya da bututun numfashi ya bi yana kallon ƙasa. Abin da zai fara gani wata ciyawa ce mai dogon ganye, posidonie. Ba gansakuka ba ce, tsiro ne sosai mai saiwa da fure, kuma a Bahar Rum kaɗai ake samun irinsa. Cikinta ƙananan kifaye ke ɓuya su girma, ita ke riƙe yashi. Girmanta na da jinkiri ƙwarai, ƴan santimita a shekara, shi ya sa in jirgi ya jefa ƙugiyarsa ta ƙarfe ya tumɓuke wani yanki, sai a yi shekaru gommai wurin bai rufe ba. Yanzu an kafa wuraren ɗaure jirage don a rage jefa ƙugiya. In kun ga busasshen ganye ruwan kasa jibge a bakin ruwa, kada ku ce Turawa sun yi ƙazanta. Ganyen ciyawar ne, da gangan ake barin shi don yana tare igiyar ruwa kada ta kwashe yashi.

Sarkin wurin shi ne wani ƙaton kifi mai faɗin baki, mérou, kamar giwan ruwa, yana iya haura mita ɗaya ya kuma rayu shekara hamsin. Abin mamakinsa, duka a mace suke fara rayuwa, sai sun haura shekara goma wasu ke rikiɗewa su koma namiji. Kun ga ke nan in masu harbi da mashi a ƙarƙashin ruwa suka bi manya suka kashe, mazan ne suka ƙare, haihuwa ta tsaya. Haka aka yi har kifin ya kusa ɓacewa daga gaɓar Faransa. A 1993 aka hana harbinsa. Ƙidayar da aka yi a Port-Cros a shekarar ba ta kai ɗari ba, ta 2011 ta haura 700. Kuma ba a kori masunta gaba ɗaya ba: tun 1999 ƙananan masunta na yankin suna sa hannu a wata yarjejeniya da gandun, wadda ta ƙayyade tsawon raga da girman idonta da wuraren da ba a zubawa. Su ma suna da tsohuwar majalisarsu ta dattawan sana'a da ke raba rigima, kamar dai sarkin ruwa a wurinmu.

A nan dole mu ja kunne. Yawancinmu ƴan tudu ne, iyonmu bai wuce na tafki da damina ba. Ruwan nan garau yake, kana ganin ƙasa kamar kusa, alhali ya fi tsawonka sau uku. Wanda bai iya iyo sosai ba ya tsaya inda ruwa ke gwiwa, yara kuma kada a ɗauke ido daga kansu ko na minti ɗaya. Tsibirin ba shi da asibiti.

Masu son tsuntsaye su zo a watan Afrilu ko Mayu. Wasu daga cikin tsuntsayen da ke cin rani a Sahel, irin su alhudahuda da tsattsewa, in sun ƙetare Sahara da teku, tsibiran nan suna cikin wuraren farko da suke sauka su huta. Akwai kuma wani tsuntsun teku, puffin, da ke yin gida cikin rami, ƙwai ɗaya a shekara, yana dawowa cikin dare da kuka kamar na jariri. Kyanwowin da suka gudu daji sun kusa ƙarar da shi, sai da aka shiga kama su ana fitarwa daga 2004. Aladen daji kuma ba wanda ya kawo su, da iyo suka ƙetaro daga babban yanki, yanzu sun zame wa gandun ciwon kai.

Wurin yana da alaƙa da mazan jiyanmu. Daren 14 wayewar 15 ga Agustan 1944, sojojin Amurka da Kanada suka sauka a Port-Cros da Levant don share hanya, aka yi kwana biyu ana gwabzawa da Jamusawan da ke cikin ganuwoyin. Rundunar Faransa da ta biyo baya ta ƙwato Hyères, Tulon da Marsay, kaso mai yawa nata ƴan Afirka ne, har da waɗanda aka ɗiba daga ƙasashenmu na yammacin Afirka. Wanda ya tsaya a saman Estissac ya dubi gaɓa, filin da suka yi yaƙin yake kallo. Ya kamata a nuna wa yaran da aka haifa a can.

Hanyar zuwa ba wuya. Daga Marsay jirgin ƙasa zuwa Tulon, daga nan zuwa Hyères, sai bas zuwa tashar ruwa, jirgi ya yi kamar awa ɗaya. Daga garin Le Lavandou ya fi kusa, bai cika minti 45 ba. Shiga gandun kyauta ne, jirgin ne da kuɗi: zuwa da dawowa babba yana biyan wajen yuro 30, kusan jika 20 ke nan, kuma cikin kuɗin akwai ɗan haraji da ke zuwa wa gandun. Tsibirin ƙasar Faransa ne, cikin karkarar Hyères, ba a neman wata biza ta daban. A lokacin hutu a kama wuri tun da wuri ta intanet. Porquerolles ma, da ta fi sauƙi ga mai ƙananan yara da tsofaffi saboda shimfiɗaɗɗiya ce, ana hayar keke, jirginta kuma minti 20 ne daga Tour Fondue, tun 2021 an tsaida adadin masu shiga a 6,000 a ranakun cunkoso.

Wata magana da masu tallar yawon buɗe ido ba su cika faɗa ba: jirgin da ke zuwa Port-Cros sau da yawa shi ne ke biyawa ta Levant. Shi Levant, mafi yawansa sansanin soja ne, ɗan ragowar kuma ƙauyen masu zama tsirara ne tun 1931. Alhaji, Hajiya, a saurari sanarwar matuƙi da kyau kafin a sauka.

A ɗauki ruwan sha mai yawa, aƙalla lita biyu kowane mutum, don bayan ƙauye ba famfo ba kanti, a ƙauyen kuma komai da tsada tunda jirgi ke kawo shi. A ɗauki guzuri, da hula, da takalmi sau-ciki. Masallaci babu, a tafi da ƴar darduma. Ruwan teku yana yin alwala, alƙibla kuma daga can gabas maso kudu take, ba kamar yadda muka saba a nan ba. Sannan kada rana ta ruɗe ku. A watan Yuli sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, amma jirgin ƙarshe tun da la'asar yake tashi. Ku tambayi lokacinsa da kun sauka, ku rubuta a waya, ku baro La Palud da saura awa ɗaya cur, don ɗakunan kwana a tsibirin ƙalilan ne, kuma tun watanni baya ake kama su.